Yadda muka haɗa wayoyin Tasawa da Dakoro da sitandar ofishinmu na Maradi

Ni ne mai riƙe da lissafi a wajen kawuna, Alhaji, wanda ke sayen aya da wake da riɗi a nan Maradi. Ofishinmu yana kusa da babbar kasuwa, muna da mangaza ɗaya a Tasawa, wata a Dakoro, sai kuma mutum ɗaya a Yamai da ke bin takardun kaya. Da yake ni na fi kowa daɗewa a gaban kwamfuta, duk abin da ke da waya a jikinsa ni ake kira in ya lalace, ko da ban karanci fannin ba. Haka aikin haɗa wayoyin mangazunmu da na ofis ya faɗo kaina. Na zaci kwana biyu zai ci, sai ga shi ya ci wata uku, ya ci kuɗin mota, ya kuma ci kiredin da ba mu ne muka yi magana da shi ba. Na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki ne saboda na san akwai masu shaguna da ƴan kasuwa da yawa a Maradi da ke da wannan niyya.

Abin da ya tayar da maganar, wani yaro ne da ya bar aiki a Tasawa bayan kaka. Lafiya lau ya tafi, ba faɗa ba tsiya, amma ya tafi da salularsa, kuma lambar nan ita ce duk dillalan ƙauye suka sani. Sati biyu ana kiransa ana yi masa tayin wake, mu muna zaune ba mu da labari. A ofis kuwa tun tuni muna da sitanda, wato ƙaramin akwatin da ke rarraba kira, mai aiki da manhajar Asterisk. Wayoyin tebur huɗu ne a jikinsa, lambobinsu daga 101 zuwa 104, sai wata na'ura da aka sa wa sim biyu, ta nan kira ke shiga ya kuma fita. Wata Litinin bayan kasuwa ta lafa Alhaji ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Kai, tunda akwatin nan yana kai kira daga ɗakina zuwa wajen sikeli, me zai hana shi kai shi Tasawa? Ina so lambar kamfani ta zama ta kamfani." Na ce, "Kawu, ina jin zai yi." Gaskiya na faɗa, sai dai ban san tsawon hanyar ba.

Mun yi saƙon wayoyin tebur biyu daga Kano ta hannun wani direba da muka saba da shi, kowace ta tsaya mana a jika 45 (ga ƴan'uwanmu na Najeriya, jika ɗaya faran 1,000 ce ta sefa). Kwana tara muka jira su. Da suka iso na buɗe musu lambobi 105 da 106 a cikin sitanda, na jona su a ofis, nan take suka kama, na kira ɗakin Alhaji murya tas. Washegari da asuba na shiga mota na nufi Tasawa, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 100 a kan titin Damagaram, waya ɗaya a cikin kwali a kan cinyata. Na jona ta da bokis ɗin intanet na mangaza, ta kunna, ta nuna lokaci, amma alamar layin ta ƙi komawa kore. Na kashe na kunna har aka kira la'asar. Mai kula da mangaza, dattijo ne, ya kawo mini fura ya ce, "Malam, ko rezo ne?" Ba rezo ba ne, don WhatsApp yana tafiya lafiya a kan bokis ɗin nan. A mota wajen dawowa na gano laifina. Adireshin sitanda da na rubuta wa wayar, mai farawa da 192.168, adireshi ne na cikin gida. Kamar ka ba baƙo kwatance ka ce masa "ɗakin kudu", ba ka faɗi unguwa ba, ba ka faɗi gida ba. A cikin gidanmu kowa ya san ɗakin kudu, amma a Tasawa ba shi da ma'ana.

Daga nan na nemi wani matashi mai aikin haɗa intanet a ofisoshi, wanda wani abokina ya yi mini hanyarsa. Ya zo ya ce sai mun buɗe ƙofa a rutar ofis (ruta ita ce na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba shi), ƙofa mai lamba 5060, wadda ta nan wayoyin intanet ke sallama da sitanda. Ya buɗe, muka rubuta adireshin da muka gani a wani shafin intanet da ke nuna wa mutum adireshinsa, muka gwada da salularsa daga waje. Shiru. Sai ya shiga cikin rutar ya duba adireshin da kamfani ya ba ta, ya nuna mini da yatsa: yana farawa da 100.64, kuma bai yi daidai da wanda shafin ya nuna ba. Ya ce wannan ita ce matsalar. Adireshin intanet na tsohon tsari sun yi ƙaranci a duniya, don haka kamfanonin waya kan tara masu saye da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kai za ka iya fita ka je ko'ina, amma wanda ke waje ba zai iya ƙwanƙwasa maka ba, don ƙofar da ke kallon titi ba taka ba ce. Ko ƙofa nawa ka buɗe a rutarka, a cikin gida ka buɗe su. Da na san in duba wannan lamba tun rana ta farko, minti biyu ne, da ban yi tafiyar Tasawa ba.

Sai batun neman adireshi namu na kanmu, wanda ba ya canzawa. Nan ne na sha zama a kan benci. Na je ofishin kamfanin da muke sayen intanet a wajensu da ƙarfe 9, na karɓi lamba, layi bai zo kaina ba sai kusan azahar. Yarinyar da ke gishe ta yi mini kirki, amma ta ɗauka forfe nake so in ƙara, ta yi ta lissafo mini giga. Da na maimaita sau uku sai ta ce wannan aikin na sashen kamfanoni ne, mai shi kuma ya fita. Na koma washegari na same shi. Ya gane abin da nake nufi tun kafin in rufe baki, ya ce in kawo takardar neman a rubuce da sa hannun Alhaji da hatimin kamfani, da kwafin rajistar kasuwanci, da lambar haraji ta NIF, da kwafin katin ɗan ƙasa na Alhaji. Ranar da na kai su aka ce kwafin katin bai fito sosai ba, na sake komawa. Bayan an karɓa aka ce takardun sai sun je Yamai. Kwana 19 muka yi muna jira, duk bayan kwana uku ina kiran mutumin, shi ma yana ba ni haƙuri don ba a hannunsa abin yake ba. An canza mana tsarin biya gaba ɗaya zuwa na kamfanoni, kuɗin wata ya ƙaru da jika 25. Alhaji ya dubi takardar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sa hannu.

Tafiyata ta biyu Tasawa ba zan manta da ita ba. Na rubuta sabon adireshi, kafin in ɗauke hannuna alamar ta koma kore. Na danna 101, na ji tana ƙara, aka ɗauka. Na yi sallama, na sake yi, ba amsa. Can a Maradi Alhaji ma yana ta sallama, shi ma ba ya jin kowa. Bayan ɗan lokaci kiran ya yanke da kansa. Muka sake, haka. Matashin nan ya kira ni a salula ya ce in duba agogo in gaya masa daƙiƙa nawa kiran ke yi kafin ya mutu. Na duba sau uku, kullum 32. Ya ce to ya gane. Ashe kiran intanet hanya biyu yake bi. Akwai SIP, wanda aikinsa sallama ne kawai: a buga, a ɗauka, a ajiye. Ita kuwa muryar kanta ta wata hanya take bi, ana kiranta RTP, kuma Asterisk kan ware mata ƙofofi daga 10000 zuwa 20000. Mu mun buɗe ta sallama mun bar ta murya a rufe. Bayan wannan, sitanda yana gaya wa wayar Tasawa cewa ta aiko da murya da amsa zuwa adireshinsa na cikin gida, wato ɗakin kudu ya sake dawowa. In aka ɗauki kira, akwai ɗan saƙon tabbatarwa da sitanda ke jira daga wanda ya kira, in bai iso ba zai yi ta maimaita tambaya har daƙiƙa 32 sannan ya katse. Matashin ya buɗe ƙofofin murya, ya rubuta wa sitanda adireshinsa na waje, ya kuma nuna masa waɗanne adireshi ne na cikin gida. Na sake danna 101, sai na ji muryar Alhaji: "Salamu alaikum, wa ke magana?" Dattijon da ke tsaye a kaina ya ce, "Allahu akbar, kamar yana bayan buhunan nan."

Kwana biyu da dawowata sai ƙorafi ya fara. Tasawa na iya kiranmu duk lokacin da suka so, amma in mu muka kira su, wani lokaci ta yi ƙara, wani lokaci sitanda ya ce ba ta nan. Dalili shi ne bokis ɗin can yana manta hanyar dawowa in waya ta yi shiru na ɗan lokaci, ita kuma wayar an saita ta ne ta sabunta rajistarta, ta sanar da sitanda inda take, sau ɗaya a awa, wato daƙiƙa 3600. Muka rage shi zuwa 120, muka kunna ɗan saƙon da waya ke aikawa a kai a kai don hanya ta zauna a buɗe. A cikin bokis ɗin kuma muka sami wani abu da ake kira SIP ALG a kunne. An yi shi ne don ya taimaka, amma sau da yawa yakan taɓa saƙonni ya ɓata su, muka kashe shi. Duk wannan ta salula muka yi, ina gaya wa wani ɗan sakandare da ke taya su aiki inda zai danna, yana ɗauko mini hoton allon.

Daga nan abu ya yi kyau har kwana goma sha, na kai wayar Dakoro ma ta kama. Sai wata safiya mai gadinmu ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa ja. Ya ce, "Malam, wayoyin nan ba su bar ni na runtsa ba. Tun ƙarfe 2 suke kuka, in na ɗauka ba kowa, har ayatul kursiyyu na karanta." Na duba allon wayar, lambobin da suka kira 100 ne da 1000, waɗanda ba mu da su. Na buɗe kundin da sitanda ke rubuta duk abin da ya faru, gabana ya faɗi. Layi bayan layi, daga adireshin ƙasashen da ba mu da kowa, ana gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya da kalmomin sirri. Akwai na'urori a intanet da ba su da aiki dare da rana sai neman ƙofa 5060 a buɗe. Kuma sun samu shiga. Lambar 106, ta Dakoro, na sa mata kalmar sirri mai sauƙi ranar da nake gwaji a ofis, da niyyar in canza, ban canza ba. Da ita suka yi rajista kamar su ne Dakoro, suka yi ta kiran lambobin ƙasashen waje ta sim ɗinmu har kiredin ya ƙare ƙaf. Jika 60 muka zuba kwana biyu kafin nan. Abin da ya cece mu shi ne sim ɗin na biya kafin kira ne, da na biyan ƙarshen wata ne ban san inda asarar za ta tsaya ba.

Na shiga wajen Alhaji na faɗa masa yadda aka yi ba tare da na rage komai ba. Ya ce, "Kuɗi sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Amma gaya mini, wanda ya iya shiga ya yi kira, zai iya jin maganata da Tasawa?" Na ce murya a buɗe take tafiya, ba a lulluɓe ta ba, don haka wanda ya samu tsayawa a kan hanyarta zai iya ji. Wannan ya fi kuɗin damunsa, kuma yana da gaskiya. A sana'armu farashin da za ka saya gobe sirri ne, buhu nawa ke mangaza sirri ne, ranar da mota za ta taso da kuɗi kuwa ya wuce sirri, rai ne. Ya ce a rufe komai yau, ko da za mu koma salula.

Ranar muka rufe duka ƙofofin. Matashin ya ce tun farko ya kamata mu bi ta VPN, shi ma ya yi gaggawa don ya ga muna son abu mai araha. VPN ɓoyayyar hanya ce tsakanin wuri biyu, duk abin da ya bi ta cikinta a kulle yake, kuma wayar da ke Tasawa sai ta zama kamar tana cikin ofis. Muka sayi ƙananan ruta uku na MikroTik, kowace jika 35, waɗanda sabon tsarinsu na 7 ke ɗauke da WireGuard, wani nau'in VPN. Ƙofa ɗaya tak muka bari a Maradi, 51820, ita ma ba ta amsa wa kowa sai mai mabuɗi, wanda ba shi da mabuɗi ko motsi ba zai ji ba. A nan ma mun yi tuntuɓe ɗaya. Ofis da mangazun duka suna amfani da jerin adireshi iri ɗaya, 192.168.1, don haka ruta ta rasa wane ne na gida wane ne na nesa. Muka ba Tasawa 192.168.20, Dakoro 192.168.30, muka sanar da sitanda cewa waɗannan ma ƴan gida ne. Muka sa kowace ruta ta riƙa taɓa Maradi duk daƙiƙa 25 don hanya kada ta rufe. Wannan karon a ofis muka gwada komai, muka ɗora rutar a kan intanet ɗin salula kamar tana wani gari, sai da muka ji murya ta je ta dawo kuma kira ya wuce minti biyar sannan na shiga mota. Kalmomin sirri kuwa duk na canza su zuwa dogaye masu haruffa da lambobi a cakuɗe, na kuma toshe kiran ƙasashen waje ga kowace lamba in ban da ta Alhaji.

Wani ya tambaye ni daga baya ko da VPN ana iya tsallake wahalar neman adireshi. Ana iyawa. Sai ka yi hayar ƙaramar kwamfuta a intanet, ofis da mangaza duka su fita su haɗu a can. Amma in kwamfutar tana Faransa, muryar da za ta je Tasawa daga Maradi sai ta je Turai ta dawo, kuma masana sun ce in jinkirin tafiya ɗaya ya wuce kusan milisakan 150 mutane kan fara hawa kan maganar juna. Ga mai ciniki da ke jayayya a kan dala biyar a tiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai ban yi da-na-sanin zaman benci ba.

Dakoro ta fi ba mu aiki, don rezon can yakan yi rauni da yamma, murya ta riƙa tsinkewa. Tsarin murya na G.711 da wayoyin suka zo da shi yana cin sama da kilobit 80 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, shi kuwa G.729 wajen 30 yake ci. Muka mayar da Dakoro kan na biyun. Muryar ta ɗan dushe, amma ba ta yankewa. Sauran matsalar ba ta na'ura ba ce: yaran da ke ɗinkin buhu sun samu kalmar sirrin wifi, suna kallon bidiyo a lokacin da ake kira. Na canza ta, na kuma roƙi mai kula da mangaza ya riƙe ta shi kaɗai. Sai wuta. Duk wanda ke Maradi ya tuna yadda muka sha a 2023 lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta tsaya, kuma ko yanzu in zafi ya yi ba a rasa ɗaukewa. In wuta ta ɗauke a ofis, ba Maradi kaɗai ke mutuwa ba, har Tasawa da Dakoro, tunda duk a nan suke rataye. Muka ɗora sitanda da ruta da na'urar sim a kan bateri da fano na hasken rana, a mangazun ma muka sa ƙaramin bateri. Kayan ba su cin wuta sosai, amma in ba ka tanada musu ba, ranar da ka fi buƙatarsu ranar za su yi shiru. Mutuminmu na Yamai bai buƙaci wayar tebur ba, a salularsa muka sa WireGuard da manhajar kira ta Linphone, lambarsa 107. Shi abin da ya dame shi, salular kan kashe manhajar a ɓoye don tattalin caji, sai da muka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa.

In yau wani ya zo mini da wannan magana, kafin ya sayi waya ko ɗaya zan ce ya shiga rutarsa ya duba adireshin da kamfani ya ba shi, ya gwada shi da wanda intanet ke nuna masa. Daga nan zai san ko zai je zaman benci ko zai yi haya. Zan ce masa kada alamar kore ta ruɗe shi, don rajista daban murya daban, gwaji bai cika ba sai kowane ɓangare ya kira ɗan'uwansa, an ji juna, an wuce minti ɗaya, an kuma sake gwadawa bayan awa guda. Ƙofa 5060 kuwa ban ga dalilin da zai sa ƙaramin kamfani ya bar ta a buɗe ga duniya ba, ko na kwana ɗaya. Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba sai da dattijon Tasawa ya tambaye ni: in gobara ta tashi ya danna 18 a wannan waya, su wa za su ɗauka? Kiran ta sim ɗin Maradi zai fita, don haka ƴan kwana-kwanan da za su amsa ba na garinsa ba ne. Na rubuta a takarda na manna a jikin kowace waya cewa kiran gaggawa da salula ake yinsa. Haka kuma mu tsakaninmu muke amfani da tsarin nan. Shigo da kiran ƙasashen waje ta intanet a fitar da shi ta sim na gida don a sayar wa mutane wani abu ne dabam, hukumar ARCEP mai kula da sadarwa da kamfanonin waya suna farautar masu yinsa, kada wani ya ruɗe ka da cewa riba ce.

Yanzu dillali a ƙauye lamba ɗaya yake riƙewa, ta kamfani. In ya kira, yarinyar da ke ofis ta ɗauka ta tura shi 105 ko 106, duk inda kayansa suka fi kusa. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan buɗe kundin sitanda in duba ko akwai baƙon adireshi, tun ranar da muka rufe ƙofofin ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Mabuɗan VPN da saitin sitanda na kwafe su a kile biyu na USB, ɗaya a aljihun teburina, ɗaya a cikin akwatin ƙarfen Alhaji tare da takardun filaye. Abin da ya rage mini shi ne rutar Dakoro, ƙura ta fara cika ta tun shigowar hunturu, na yi wa kafinta magana ya ƙera mata ɗan akwati mai raga, ranar Laraba zan kai.